Wurin Abba Yake Zuwa

Wata daga cikinku ta turo min saƙo jiya tana cewa, "Baiwar Allah, mutum yana zuwa gidanku duk Asabar, yana da aikinsa, yana girmama mahaifinki, to me kuma kike nema?" Na daɗe ina kallon saƙon a wurin aiki, har wanda yake jira in ɗebi jininsa ya yi gyaran murya. Ban ba ta amsa ba. Yau zan ba ku amsar gaba ɗayanku, in kun gama karantawa ku faɗi abin da kuka gani.

Mu biyu ne a gidanmu, ni da Abba. Umma ta rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta. Yaya yana can wani gefen gari da iyalinsa, Auta kuma mijinta ya yi nisa da ita, sai dai hotunan yara a waya. Ni ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Da safe in ɗiga wa Abba maganin ido, in cika masa filas da shayi, in fita. Da yamma in dawo in same shi inda na bar shi, a kujerarsa ta jikin taga, rediyo yana ta surutu shi kaɗai.

Abba marubuci ne, ko kuwa in ce ya taɓa zama. Ƙagaggun labaran kimiyya yake rubutawa, irin na jiragen da suke keta sararin sama da mutanen ƙarfe masu magana. An ce da can har layi ake yi a shagon littattafai in nasa ya fito. Ni dai ban riski wannan zamanin ba. Abin da na riska shi ne kwalaye a ƙarƙashin gadonsa, cike da ragowar kwafin da ba a saya ba, gara ta ci gefensu.

Wata Asabar ina wanke-wanke aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na yafa mayafi na buɗe. Wani dogo ne mai tabarau, rigarsa ta sha guga, ya rungume wata leda a ƙirji kamar jariri.

"Don Allah nan ne gidan Malam? Mai Tasha Ta Bakwai?"

Sunan littafin Abba na farko ke nan. Rabon da in ji wani baƙo ya ambace shi har na manta. Na ce nan ne. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, namiji babba, a bakin ƙofarmu.

Injiniya ne, mai gyaran lifta a manyan gine-gine. A cikin ledar akwai kwafin littafin, bangonsa an liƙe shi da salatif, ya yi baƙi saboda hannu. Ya durƙusa gaban Abba ya ce ya fi shekara yana cigiya, wasu sun ce masa ai marubucin ya daɗe da rasuwa. Abba ya yi dariya har da tari. Wallahi tun rasuwar Umma ban ji irin wannan dariyar a gidanmu ba.

Daga nan duk Asabar yana tafe. A zuwansa na huɗu ko na biyar ne Gwaggo, ƙanwar Abba, ta ci karo da shi. Wanda bai san Gwaggo ba, ita ce mai kirana kullum ta tuna min cewa Auta da na goya tana da yara biyu. Ta ƙare masa kallo daga takalmi zuwa agogo, ta leƙa ta taga ta ga motarsa, sannan ta biyo ni kicin ta rufe ƙofa.

"Wannan fa? Wurin wa yake zuwa?"

"Wurin Abba."

"Wurin Abba! Wane saurayi ne zai ƙona mai duk mako saboda tsoho? Ke dai ba ki da wayo. Cire wannan zanin, ki sa abin kirki."

Kafin ta bar gidan ta tambaye shi ko yana da iyali, ya ce a'a. Ta ce to ga shi ga 'yarta, wato ni. Na ji su daga kicin, na kusa sakin tire. Sai na ji ya ce, "Ai da na fi kowa murna, Gwaggo." Da yamma ya karɓi lambata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Yana da taushin murya, in zai ajiye kofi ba ka jin ƙararsa. Na fara sanya turare ranar Asabar. Na sayi wata doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, na canza labulen falo. Sai dai ga yadda zuwan nasa yake kasancewa. Zai gaishe ni a ƙofa, ya tambayi aiki, kafin in gama amsawa Abba ya kira daga ciki, "Injiniya ne?" Shi ke nan, na rasa shi sai ya zo tafiya.

Hirarsu ba ta wuce gwanayen Abba. Tsofaffin marubuta ne uku da ya karanta yana saurayi, duk sun mutu kafin a haife ni, kuma bai taɓa kiransu da sunayensu ba, sai waɗanda ya raɗa musu. Akwai Sarkin Lissafi, wanda komai na jirginsa daidai yake har ƙusa, amma mutanensa kamar an sassaƙo su da katako. Akwai Mai Kuka, shi kimiyyarsa duk shirme ce, amma ba ka gama littafinsa idonka a bushe. Sai Tsagera, wanda Abba yake cewa rabin abin da ya rubuta na kwandon shara ne, ragowar rabin kuma ba a taɓa yin irinsa ba.

"Sarkin Lissafi ba zai mutu ba, Malam," in ji Injiniya. "Abubuwan da ya hango ga su nan a aljihunmu."

"To ai shi ya kashe shi. Wa zai karanta labarin abin da yake aljihunsa? Je ka tambayi 'yan makaranta ko sun san shi."

"Mai Kuka ma ba su san shi ba."

"Za su neme shi ranar da aka bar su su kaɗai a ɗaki."

Ni kuwa ina shiga da shayi da biskit, ina fita da kofuna. Duk littattafan nan na karanta su tun ina 'yar firamare, a ƙarƙashin teburin rubutun Abba, ƙafafunsa suna gefena. Na san Mai Kuka fiye da yadda na san maƙwabtanmu. Amma ba wanda ya taɓa juyowa ya ce, ke fa, wanne ne naki?

Saƙonninsa ma haka. "Barka da safiya. Ya idon Malam?" "Ki tuna masa maganar babi na tara." "Na samo wani tsohon bugu, ki ce masa zan kawo." Wata rana na yi ƙarfin hali na tura masa hotona da sabuwar rigar. Ya rubuto, "Ma sha Allah. Waccan kantar da ke bayanki, littafin Tsagera ne mai jan bango?" Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin gwaji, daga baya na shiga banɗaki na wanke fuska.

Shi ne ya kawo shawarar a shirya wa Abba taro. Ya ce ba zai yiwu mutum irin wannan ya zauna a jikin taga duniya ta manta da shi ba. Ya kama zauren wani ɗakin karatu, ya buga fosta da hoton Abba na ƙuruciya, gashi cike da kai. Ya yi hayar kujerun roba mota guda. Abba ya yi ta cewa a bari, amma na kama shi yana shafa kwat ɗinsa ta tsohon aiki yana tambayata ko har yanzu tana yi masa.

Ranar taron na goge masa kwat ɗin, na taje masa furfura, na ɗaura masa agogon da ba ya iya ganin lokacinsa. Muna shiga zauren gabana ya faɗi. Kujeru layi-layi har bango, farare tas, fanka tana juyawa a kan ba kowa. A gaba akwai tsofaffin abokan Abba, ɗaya har ya fara gyangyaɗi. Can gefe wani mutum ya zauna kusa da soket yana cajin waya. Sai wasu 'yan makaranta da malaminsu ya turo, suna ta duba ƙofa. Yaya ya aiko cewa aiki ya riƙe shi. Gwaggo ta zo, amma dangin Injiniya take ta waige tana nema.

Abba ya matse hannuna. "Mamana, an cika?"

Haka yake kirana. Idonsa ba ya wuce layin farko.

Na ce, "An zo, Abba."

Ya ce, "Muryata tana dawo min daga bango. Ɗakin da ya cika ba ya haka." Ya yi murmushi, ya ce in kai shi kujerarsa.

Injiniya ya yi jawabi mai tsawo, gumi yana keto masa. Ya karanta wurin da jirgi ya sauka a tasha ta bakwai aka tarar ba kowa sai fitilu a kunne. Da ya kai ƙarshe, tsofaffin suka tafa. Da aka ce ko akwai mai tambaya, sai wata yarinya daga cikin 'yan makarantar ta miƙe, siririya, jakarta a kafaɗa.

"Baba, ni na karanta guda biyu, a wurin kakana na same su. Sun yi daɗi. Amma me ya sa babu mace ko ɗaya da take tuƙa jirgi? Duk matan suna tasha suna ɗaga hannu, ko suna kawo wa matuƙa abinci. Shekara ɗari biyar nan gaba fa kuka ce. Har lokacin muna kicin?"

Ƙawayenta suka ƙyalƙyale. Ni kuwa sai na ji kamar an buɗe wata ƙofa a ƙirjina. Tambayar da na yi ta yi wa kaina ke nan a ƙarƙashin tebur, ina juya shafi ina neman wata yarinya mai kama da ni, ban taɓa samu ba, ban kuma taɓa faɗa ba.

Injiniya ya fizgi makirufo. "Yarinya, kin san gaban wa kike tsaye? Ana maganar mutumin da ya hango abin da ba wanda ya hango, ke kina maganar kicin? Ku 'yan yanzu ba ku iya komai ba sai neman laifi."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Yarinyar ta zauna, ta sunkuyar da kai.

Abba ya lalubo hannunsa ya karɓi makirufon. "Bar ta, Injiniya. 'Yata, kina ina? Ɗaga murya in ji wajen da kike." Ta amsa a hankali. Ya juya fuskarsa can. "Gaskiyarki. Gwanayen da na koya a wurinsu haka suka yi, ni ma na bi su ido rufe. Na zauna na hango birane a kan wata, amma ban hango ki ba. Kuma ina rubutun nan da 'ya'ya mata a gidana." Ya ƙara da cewa, "In kin rubuta naki, ki sa tsoho ɗaya a tasha yana ɗaga hannu. Na yafe."

Aka yi dariya, har mai cajin waya. Ni ban iya ba. Na kalli silin ina ƙifta ido don kada kwalli ya zubo.

Da aka watse Injiniya ya shiga tattara kujeru da kansa, yana buga su kan juna. Na je in taya shi.

"Kin ga rashin kunya ko? Kuma Malam ya biye mata."

"Ai gaskiya ta faɗa."

Ya tsaya da kujera a hannu, ya dube ni kamar yau ya fara jin muryata. "Ke ma? Ke da kike 'yarsa?"

"Don ina 'yarsa ne na sani."

Ya shafa aljihu, ya ce wayarsa ta faɗi wani wuri, in kira masa. Na kira. Ta yi ƙara can ƙarƙashin teburin gaba, kusa da ni, na sunkuya na ɗauko. Fuskarta tana haske, ga lambata, ga sunan da ya ajiye ni da shi a sama: Gidan Malam.

Jama'a, wata nawa muna tare. Ba sunana ba, ba ma 'yar Malam ba. Gida. Kamar wayar tebur da ake ajiyewa a falo, duk wanda yake kusa ya ɗauka. Na kashe kiran, na goge ƙurar da ke jikinta da gefen mayafina, na miƙa masa. Ya ce na gode, bai lura da komai ba.

A mota Abba ya yi barci, kansa a kafaɗata.

Makon nan da ya biyo baya bai yi min daɗi ba. Abba kam garau, har ya ce in nemo masa yarinyar in an samu hali, ita kaɗai ce ta karanta shi da ido biyu. Injiniya yana turo saƙo kullum, ko Malam ya ci abinci, ko taron bai karya masa zuciya ba. Gwaggo kuma ta kira ni ranar Laraba ina tsakiyar aiki.

"Kawunsa ya yi min waya, suna so su zo a yi magana. Yaushe zan ce musu?"

"Gwaggo, a ɗan dakata."

"A dakata da me? Kin fi son ki tsufa kina ɗiga wa yayana magani? Yaro kamar wannan, ko ɗan cikinsa bai kula da shi haka ba."

"Shi ne ai, Gwaggo."

"Shi ne me? Ke, kada ki kawo min iyayi. Zuwa Lahadi nake son amsa."

Da na koma gida na zauna a bakin gado ban ko cire takalmi ba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, a ƙarshe na tura: "Ranar Asabar Yaya zai kai Abba wurin likitan ido, za su daɗe. Ni kaɗai ce a gida, maƙwabciyarmu za ta shigo ta zauna a tsakar gida. In ka ga dama ka zo." Alamar ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da ya iso shi ne, "To."

Asabar ban sa turare ba, ban sa ruwan tokar ba. Rigar da nake zaman gida da ita na bari a jikina. Ya zo bayan azahar, hannu ba leda. Yana shiga falo idonsa ya tafi kan kujerar taga, sannan ya tuna, ya dawo da shi kaina. Muka zauna. Na zuba shayi. Ana jin maƙwabciya tana yi wa 'yarta faɗa a waya. Mutumin da yake awa uku yana magana ba ya haɗiye yawu, ga shi yana juya cokali a kofin da ba a sa wa sukari ba.

Na ce, "Na ga sunan da ka sa min a wayarka."

Ya ciro ta ya duba. Na ga kunyar ta hau masa tun daga wuya. "Ranar da na karɓi lambar na sa. Ban canza ba ne kawai."

"Na sani. Shi ya sa na kira ka."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu, aka kai shi makarantar kwana, ranar ziyara kowa da nasa shi ban da shi. A nan ya tsinci littafin Abba, ya karanta har ya haddace, ya riƙa raya wa kansa cewa wanda ya rubuta shi ne babansa. "Da Gwaggo ta yi maganarki, murnar da na yi ta gaske ce. Amma ban tsaya na tambayi kaina murnar mece ce ba. Na dai ga zan zama ɗan gida."

"Ranar da babu Abba fa?"

Ya buɗe baki ya rufe. Na gode masa a raina da bai yi min ƙarya ba, duk da na so ya yi.

Can ya ce, "Ban san ki ba. Laifina ne. In kin yarda, ina so in fara yau."

Sai ga ƙarar mota a waje, sun dawo da wuri. Na ji sandar Abba a kan siminti, na ji muryarsa tun daga ƙofa, cike da murna. "Injiniya ne? An ce ga motarsa. Zo ka ji abin da na tuna game da Tsagera!"

Injiniya ya dafa hannun kujera, ya ɗago rabi. Na kawar da kai, domin na san abin da zai biyo baya. Sai na ji ya ce da ƙarfi, "Sannu da dawowa, Malam. Ina nan zuwa, muna magana ne." Ya koma ya zauna, ya juyo da kujerarsa ta fuskance ni sosai. "Cikin ukun nan, wanne ne naki? Kuma me ya sa?"

Kun san me? Amsar tana bakina tun ina yarinya, amma da aka tambaya sai na neme ta na rasa. Na daɗe ba a jira maganata ba, har na manta yadda ake farawa. Ina cikin haɗa kalmomin wayata ta yi motsi a cinyata. Yaya ne, daga cikin mota, ko shigowa bai yi ba.

"Likita ya ce idon ba zai dawo ba, ɗan abin da ya rage ma tafiya zai yi. Ban gaya masa ba. Ki yi wa Allah ki amince da mutumin nan, shi kaɗai ne zai yarda ya aure ki ya zauna da Abba. Gobe zan kira Gwaggo in ce kin yarda."

Na kife wayar. Abba yana lalubar ƙofar falo da sandarsa yana kiran Mamana, Injiniya ya zuba min ido yana jira, karo na farko ni yake jira.

Na ce, "Mai Kuka." Muryata ta fito kamar ta wata. "Amma kafin in gaya maka dalili, akwai abin da zan nuna maka. In ka karanta, kada ka yi sauri ka ba ni amsa."

Na juyo da wayar, na tura ta gabansa a kan tebur.